Gishirin Dada Bintu

Mu goma sha ɗaya ne 'yan girkin Dada Bintu. In ana biki ko suna ko walima a Bauchi, masu gida ba sa son wahala, sai su aiko Fadaman Mada a ce Dada ta zo da mutanenta. Mu toya masa, mu yi miyar taushe, mu dafa shinkafa, mu wanke tukwane, kowa ta kama hanyar gidanta. Da wannan aikin na riƙe 'ya'yana biyar tun rasuwar babansu, Allah Ya jiƙansa. Sunana Sauda, amma a wajen aiki Maman Mansir ake ce mini.

Dada Bafulatana ce, iyayenta sun bar kiwo sun zauna a gari tun tana goye. Gajeriya ce, ba jiki, ba ta ɗaga murya. In aka haɗa murhu, gefen da hayaƙi yake bugowa nan take ajiye kujerarta. Ba ta cin abinci sai ta ga kowaccenmu da kwano a gabanta. Akwai ranar da na baro autata da ƙyanda a gida, ban faɗa wa kowa ba. Dada ta tsaya ta kalli yadda nake juya masa, ta ce, "Wa ye ba lafiya a gidanki?" Ta kore ni gida, ta zauna a kan tandata har aka tashi. Da la'asar ta aiko mini da rabona cikakke, har da kwanon miya.

Doka biyu gare ta. Ta farko, miya ba ta sauka daga wuta sai Dada ta ɗanɗana, abin da bakinta ya faɗa kuwa shi ke nan, ba mai ƙarawa ba mai ragewa. Ta biyu, sabuwar shiga aiki uku ake gwada ta. In ta ɓata tukunya a cikin ukun nan, ta tafi ke nan. Ba faɗa, ba gaba, amma ba ta dawowa. Dada takan ce mai biki ya yi wata da watanni yana shiri, ba za a koyi girki a kan baƙinsa ba.

To bayan Babbar Sallah zazzaɓi ya kwantar da ita sati uku. Ta tashi ta rame, amma ta dawo aiki. Fitarmu ta farko wani suna ne a Miri, takwarata Saudatu ce a kan miya, ita ce mai riƙe mana tukunyar miya shekara da shekaru. Miyar nan ta yi daidai, ni kaina na lasa kafin Dada ta iso. Dada ta ɗiga a tafin hannu, ta lasa, ta ce, "Lami ce. Ƙara rabin hannu."

Saudatu ta kalle ni, na kalle ta. Ta sa hannu a kwanon gishiri, ta dunƙule, ta kai bakin tukunya ta buɗe, ta juya da ludayi. Ko ƙwaya ɗaya babu a hannun nan. Dada kuwa ta riga ta wuce wajen shinkafa, don ba ta ɗanɗana wa tsofaffin hannu sau biyu. Ta yarda da ma'auninta, ta yarda da mu.

Ba wanda ya zauna ya ce ga yadda za a yi. Sati na gaba aka sake, na bayansa ma haka. Muka gane zazzaɓin nan ya tafi da bakin Dada, ba ta jin gishiri. Wa zai kalli matar da ta yi shekara ashirin da wani abu ana yabon bakinta ya ce mata ya mutu? Sai duk wadda aka ce ta ƙara ta kai hannun wofi. Wata bakwai muna haka. Mutane suna ci suna cewa bakin Dada ba ya kuskure, ita kuma tana cewa alhamdu lillahi. Nakan tuna abin in na idar da sallah, in yi istigfari, in ce ai rufin asiri ne. Raina dai bai taɓa kwanciya da shi ba.

Ana cikin haka na kawo Liatu. Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Mijinta Amos magini ne, ya faɗo daga kan gini ya karye a ƙugu, wata biyar yana kwance. 'Ya'ya huɗu. Na ga ta fara fitar da kwanukan aurenta ɗaya bayan ɗaya, na ce a'a. Na kai ta wajen Dada.

Dada ta kalli farcenta, ta kalli hannunta, ta ce, "Kin iya tashin asuba?"

Liatu ta ce, "Ni ke tashin zakaran gidanmu, Dada."

Dada ta yi dariya ta ce ta zo ranar Asabar.

Na koya mata komai. Yadda ake gane ƙullu ya tashi, yadda ake shafa wa tanda mai, inda ake ajiye takalmi, wadda ba a wasa da ita kafin ta sha kunu. Maganar hannun wofi kaɗai ban faɗa mata ba. Nauyi nake ji in buɗe baki in ce mata mu goma muna yi wa tsohuwar nan ƙarya. Na ce a raina ai sabuwa ba ta zuwa kusa da miya, wanke-wanke ne da yankan albasa, in ta zauna daram na gaya mata.

Aiki biyu ta yi lafiya lau. Na uku shi ne ɗaurin auren Ja'afaru, ɗan gidan Modibbo a Tirwun. Gida ne sabo a bakin gonaki, aka ba mu bayan gida muka kafa murhu. Ɗaurin aure ƙarfe sha ɗaya, masa da miya su shiga kula kafin nan.

Da safen nan sai aka aiko Saudatu ba za ta zo ba, 'yarta na naƙuda. Ni an riga an zaunar da ni a kan tanda can bayan katangar bulo, ina fama da ƙullu bokiti huɗu. Ban san Dada ta ɗora Liatu a kan miya ba. Daga baya na ji yadda aka yi. Dada ta ce, "Yau ne na ukunki, zo in ga hannunki." Liatu ta haɗa miyarta tsaf, kabewa ta narke, gyaɗa ta kama, ga ƙashi ga alayyahu. Dada ta lasa ta ce a ƙara rabin hannu. Liatu ta ƙara na gaske. Da yake gwaji ne, Dada ta dawo ta sake lasawa, abin da ba ta yi mana. Ta ce a ƙara. Liatu ta ce, "Dada, ni kam na ji ya isa." Dada ta ce, "Ke ko ni?" Ta ƙara. Ta dawo karo na uku, ta ce cikakken hannu. Sauran matan kowa na kan nata aikin, wadda ta hango ma ta ɗauka na gaya wa Liatu yadda ake yi.

Goma saura kwata sai na ji salati. Uwar ango ce, Hajiya Habibatu, ta fito da masa ɗaya a hannu ta tsoma a miya don ta ji. Ta tofar.

"Innalillahi! Wannan miya ce ko jiƙon kanwa? Wa ya yi mini wannan?"

Ƙannenta biyu suka lasa, kowacce ta yamutse fuska. Na baro tanda na leƙo. Dada tana can ƙofar gida tana karɓar itace, aka tafi kiranta.

"Surukaina suna hanya tun daga Azare," in ji Hajiya. "Da me zan tare su? Na ce wa ya yi?"

Kafin kowa ya yi magana Fati ta yi caraf. Fati ita ce babbarmu bayan Saudatu, tana son Dada kamar uwar da ta haife ta, kuma bakinta ya fi ƙafarta sauri. Ta gane abin da ya faru, ta ga asirin zai tonu a gaban baƙi. Ta nuna Liatu da ludayi.

"Sabuwa ce, Hajiya. Bayan Dada ta ɗanɗana ta wuce ne ta ƙara na kanta."

Daidai nan Dada ta iso. Aka maimaita mata. Ta juya wajen Liatu.

"Bayan na tafi kin ƙara?"

"Sau uku kika ce in ƙara, Dada, sau uku na ƙara. Bayan nan ko taɓa kwanon ban yi ba."

Dada ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya. Wata bakwai duk tukunyar da ta ce a ƙara wa gishiri tana fitowa daidai, me zai sa ta zargi bakinta? Kuma ga mu tara a tsaye, ba wadda ta ce uffan. Ni ma ina ciki.

Ta ce, "Ajiye ludayin, 'yar nan. Kin san dokar."

Liatu ba ta yi gardama ba. Ta ajiye ludayin a kan murfi, ta wanke hannu, ta gyara ɗaurin zaninta, ta ɗauki jakarta. Da ta zo wucewa ta gabana ta kalle ni sau ɗaya. Ba harara ba ce, kallo ne kawai. Na san abin da za ta tarar a gida, ni nake jin kukan yaranta ta katanga. Na kuma san labarin zai riga ta isa Fadaman Mada, a ce matar Amos ta ɓata miyar gidan Modibbo, ba mai sake kiranta ko wanke-wanke.

Masata tana ƙonewa a bayana, ina jin ƙauri. Sai da Liatu ta kai bakin ƙofa sannan bakina ya buɗe.

"Dada, don Allah ki ɗanɗana miyar nan yanzu."

Fati ta taka mini ƙafa. Na janye.

"Me kika ce, Maman Mansir?"

"Ki ɗanɗana, ki gaya mana abin da kika ji."

Ta kalle ni. Sannan ta ɗauki ludayin, ta ɗiga a tafin hannu, ta lasa. Ta sake ɗiba, wannan karon ta kurɓa sosai.

"Ruwan zafi," ta ce a hankali. "Ruwan zafi kawai nake ji."

Na durƙusa. Na gaya mata komai, tun daga sunan Miri. Na nuna mata da hannuna yadda muke dunƙulewa mu buɗe. Ina magana ina kuka, ga Hajiya da ƙannenta a tsaye suna ji.

Na ɗauka za ta zauna, ko ta fashe da kuka, ko ta ɗauki mayafinta ta tafi. Da ni ce, da na so ƙasa ta tsage in shige. Dada ta goge hannu a zaninta, ta bi ta tsakiyarmu, ta fita ƙofa da saurinta na tsofaffi. Ta cimma Liatu a bakin hanya tana jiran acaɓa. Ta kamo hannunta, ta dawo da ita har gaban Hajiya.

"Hajiya, ni na ɓata miki miya. Yarinyar nan ta ce mini ya isa, na danne ta. Bakina ya mutu ban sani ba. In za a faɗa a gari, a faɗa da sunana."

Hajiya ta buɗe baki, Dada ta ɗaga hannu.

"Ki yi mini faɗan bayan azahar, zan tsaya. Yanzu awa ɗaya gare mu. Akwai kabewa a gidan nan?"

"Guda biyu ne suka rage."

"Ba za su isa ba. Maƙwabtanki manoma ne, ki aika da sunanki, sun fi jin naki. Shida nake so. Da gyaɗa mudu uku."

Daga nan ba ta ƙara kallon kowa a ido ba, aiki kawai. Ta ce Fati ta kafa sabon murhu ta ɗora babbar tukunyar shinkafa da ruwa. Mutum biyu su tafi inji da gyaɗa. A tsame ƙashi da nama daga miyar a ɗauraye. Ni ta ce in koma kan tanda kafin in ƙona wa mutane gida. Kabewa na zuwa ita ta zauna a ƙasa da wuƙa, tana ferewa tana yankawa ƙanana don su yi saurin narkewa. Ƙannen Hajiya da suka zo faɗa, sai ga su sun naɗe leshinsu suna gyaran alayyahu. Ban san lokacin da ta sa su ba.

Aka yi sabuwar miya ba gishiri ko kaɗan, aka raba mai gishirin biyu, aka haɗe. Da ta tafasa kowa ta juya tana kallon Dada, don mun saba. Ta miƙa wa Liatu ludayi.

"Tukunyarki ce. Me kika ji?"

Liatu ta lasa. "Wannan ta yi. Waccan tana son ruwa kaɗan da gyaɗa."

"Maman Mansir, zo. Hajiya, ke ma zo, baƙinki ne."

Muka lasa. Yadda Liatu ta faɗa haka ne. Aka gyara. Sha ɗaya da kwata kula ta farko ta fita wajen maza. Miya ta zama tukunya biyu, har maƙwabtan da suka ba da kabewa aka aika musu.

Bayan mun yi azahar Dada ta shiga wajen Hajiya kamar yadda ta ce. Ba mu ji abin da suka yi ba, mun dai ga Hajiya ta rako ta har tsakar gida tana riƙe da kafaɗarta. Sannan ta tara mu a inuwar katanga, ga tukwane a kife suna bushewa.

"Wata nawa?"

Na ce bakwai.

"Wata bakwai." Ta girgiza kai. "Wata bakwai ina yi wa matar ɗana faɗa a gida wai ba ta iya sa gishiri ba. Yarinya har kuka ta yi. Yau sai na je na roƙe ta."

Ɗaya daga cikinmu ta yi 'yar dariya, ta haɗiye.

"Na san tausayina kuka ji. Amma ku duba inda tausayin ya kai. Da yau na kori marar laifi da bakina, in tashi da hakkinta a wuyana ranar gobe, kuna tsaye kuna kallo. Fati."

"Na'am, Dada."

"Ƙarya kika yi wa baiwar Allah don ki kare ni. Na roƙe ki?"

Fati ta fashe da kuka. Ta rarrafa gaban Liatu ta ce ta yafe mata. Liatu ta ce ya wuce, amma ba ta ɗago kai ba.

Na ɗauka ni zan tsira tunda ni na yi magana. Ina!

"Ke kuma Maman Mansir, naki ya fi. Ke kika kawo ta. Kin san ramin, kika bar ta ta taka. Da kika tashi magana ma sai da ta kai ƙofa. Me kike jira?"

Na ce, "Kunyarki, Dada."

"To ku ji. Daga yau ba na ɗanɗana miya. Mai tukunya ta lasa, mutum biyu su lasa, a faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Yau baki ne, gobe ido ne ko ƙwaƙwalwa, tsufa ba ya sallama. Duk wadda ta ga na kauce ta faɗa mini a take, tukunya na kan wuta, ko a gaban wa ye. In ba za ku iya ba ku gaya mini yanzu, in zauna a gida, ku zaɓi wadda ba kwa jin kunyarta."

Muka haɗa baki muka ce a'a, ba inda za ta.

"Ba a'a na tambaye ku ba. Za ku iya?"

Sai Liatu ta ɗago.

"Ni zan iya, Dada. Dokar nan taki ta sabuwa ma akwai gyara. Da kin lasa kafin ki ce in ajiye ludayi, da ban kai ƙofa ba."

Ba a taɓa yi wa Dada magana haka ba. Dada ta murza carbinta.

"Gaskiyarki," ta ce. "Na yanke kafin in duba. Daga yau ba a sallamar kowa ranar aiki, sai an kwana an ji ta bakinta. Ke kuma gwajinki ya ƙare, kin zauna."

A keke da za mu koma, ni da Liatu kujera ɗaya muka zauna, tun daga Tirwun har Fadaman Mada waje take kallo. Na ce ta yafe mini, ta ce to. Kwana uku ba ta leƙo ta katanga ba, ni ma na kasa shiga.

Ranar Talata da hantsi na ji sallamar Dada a gidansu. Ta zo da ƙafarta, da ƙwaryar fura. Ina tsakar gida ina wanki, ina jin komai. Ta gaida Amos da jiki, ta ce masa, "Na zo ne in faɗa a gabanka, don kada ka ji a bakin wani. Na yi wa matarka rashin adalci a cikin mutane, ta fi ni gaskiya." Amos kuwa sai "Haba Mama, haba Mama" yake yi. Ta ce akwai walima a Miri ranar Asabar, Saudatu na zaman jego da 'yarta, Liatu ce a kan miya.

Asabar ɗin ina kan sallaya ban gama addu'a ba aka buga mini ƙofa. Na buɗe, Liatu ce da jakarta a kafaɗa.

"Maman Mansir, har yanzu ba ki shirya ba? Mai keke na jira."

Na ce ga ni nan, in ɗauko mayafi.

"Ki yi sauri. Kuma in akwai sauran abin da ba ki gaya mini ba, Miri da nisa, sai ki fara tun daga nan."